Idan Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Aiki Bayan Sabunta Windows: Matakan Da Ya Kamata A Bi

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa Windows 10 kyauta, wato babbar manhajar da ya fitar a 2015. Wannan ya sa ofisoshi, makarantu, ɗakunan shan magani da shagunan buga takardu suka shiga sauya kwamfutocinsu zuwa Windows 11. Wasu sukan sauya lafiya, wasu kuwa kwamfutar kan tsaya cik, ko firinta ta daina aiki, ko na'urar ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Mun shirya wannan bayani ne domin ma'aikatan ƙananan hukumomi da mazauna karkara waɗanda mai gyara ya yi musu nisa. Abin da muke son a riƙe shi ne, irin wannan matsala ba kasafai take nufin kwamfuta ta mutu ba, kuma goge komai, wanda ake kira fomat, shi ne mataki na ƙarshe. Kwamfuta ana sayen wata, amma jerin albashi ko rajistar ɗalibai ta shekara biyar, in ta tafi ba ta da kasuwa.

Abin da ke jawo matsalar

Dalili na farko shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Sabuntawa kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, kuma a lokacin kwamfuta na sauke tsofaffin fayilolin manhaja tana ɗora sababbi. In wuta ta yanke a nan, sai a bar ta ba tsohuwa ba sabuwa. Na biyu shi ne cikar rumbun ajiya. Na uku shi ne ƙananan manhajojin da masu gyara ke kira direba, waɗanda ke haɗa Windows da firinta, allo, sauti da intanet. Direban da ya yi aiki da tsohuwar manhaja kan ƙi jituwa da sabuwa. Na huɗu kuwa, ita kanta na'urar ba ta kai ba. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabayit 4, rumbun ajiya na gigabayit 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba sa cikin jerin waɗanda Microsoft ya amince da su. Akan yi musu dabara a tilasta ta hau, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko musu da gyare-gyare ba.

Kafin a taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kwamfutar tana buɗewa, ko da da ƙyar ne, a kwafe muhimman takardu a filash ko wani rumbu na waje kafin a gwada kowane gyara, sannan a buɗe su a wata kwamfutar a tabbatar sun kwafu. In ba ta buɗewa, har yanzu fayilolin suna nan. Mai gyara zai iya ciro rumbun ya haɗa da wata na'ura ya kwashe su. Sai dai kwamfutoci da yawa na zamani suna kulle rumbunsu da tsarin BitLocker, wanda mabuɗinsa lamba 48 ce, kuma galibi ana samun ta a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. A nemo wannan lamba a rubuta ta a ajiye, domin in babu ita, babu mai gyaran da zai iya buɗe rumbun.

Mataki na ɗaya: haƙuri da ƙananan gyare-gyare

Nauyin da kwamfuta ke yi a rana ta farko ko ta biyu ba ciwo ba ne, tana ƙarasa shirya kanta ne. A bar ta a kunne a kan tsayayyiyar wuta. In ta tsaya wajen tashi, a cire duk abin da aka jona mata, kamar firinta da filash, a sake kunnawa. In firinta ce kawai ta ƙi, a sauko da sabon direbanta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Mataki na biyu: komawa tsohuwar manhaja

Windows tana ajiye tsohuwar manhajar a wata folda mai suna Windows.old, kuma tana ba da kwana 10 a koma baya. A shiga “Settings”, sannan “System”, sannan “Recovery”, a danna “Go back”. Takardu ba sa ɓacewa ta wannan hanya. Muna jan hankalin ma'aikata kada a goge wannan folda don neman fili, kuma kada a yi ta jira har kwanakin su cika, domin bayan nan ƙofar ta rufe. A sani kuma cewa komawa Windows 10 mafaka ce ta ɗan lokaci, tunda kulawarta ta kyauta ta ƙare.

Mataki na uku: in ta ƙi tashi gaba ɗaya

A kunna ta, da zarar tambarin Windows ya bayyana a danne maɓallin wuta har ta mutu. In aka yi haka sau biyu ko uku, za ta buɗe shafin gyara da kanta. A zaɓi “Troubleshoot”, sannan “Advanced options”. A nan akwai “Startup Repair” mai gyara tashin na'ura, da “Uninstall Updates” mai cire sabuntawar da ta jawo rikicin. Akwai kuma hanyar shiga “Safe Mode”, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai, har a samu damar kwashe fayiloli ko cire direban da ya hana ruwa gudu.

Mataki na huɗu: mayar da ita sabuwa

In waɗannan ba su yi ba, akwai “Reset this PC”. Zaɓi biyu yake bayarwa: “Keep my files” yana barin takardun mutum amma yana cire manhajojin da aka ɗora, “Remove everything” kuwa yana share komai. A karanta da kyau kafin a danna, kuma a tanadi lasisin manhajojin ofis, domin sai an sake ɗora su.

Mataki na biyar: ɗora Windows daga tushe

Wannan shi ne fomat. Ana buƙatar filash na aƙalla gigabayit 8 wanda babu komai a kansa, domin za a goge shi. A wata lafiyayyar kwamfuta a sauko da “Media Creation Tool” daga shafin Microsoft, ita ce za ta shirya filash ɗin. Aikin yana cin data sosai, don haka a yi shi inda sabis yake da ƙarfi. A jona filash a na'urar da ta lalace, a kunna, a danna maɓallin zaɓen tashi: F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP. In an nemi lambar lasisi, na'urar da ta taɓa aiki da halastacciyar Windows za ta iya tsallakewa, lasisin zai dawo da kansa in ta hau intanet, muddin an zaɓi nau'in da take da shi a da, Home ko Pro. Wurin da ya fi haɗari shi ne inda ake zaɓen sashen rumbun da za a goge. Wanda bai tabbata ba ya dakata a nan ya nemi masani. A guji faifan Windows na bayan fage da ake sayarwa a kasuwa, domin akan cusa masa manhajojin satar bayanai.

Kira ga shugabannin sassa

Muna kira ga shugabannin sassa da kada su bari a fita da kwamfutar ofis zuwa wurin gyara sai an kwafe abin da ke cikinta, kuma a gaya wa mai gyara a fili cewa ba a yarda ya yi fomat ba sai da izini. A ware ma'aikaci ɗaya da zai riƙa kwafe muhimman fayiloli kowane mako, a ajiye kwafin a wani ɗaki dabam. Kada a fara sabuntawa a makon biyan albashi ko na jarrabawa, kuma kada a fara sai an tabbatar akwai mai a janareta ko caji a inbata wanda zai kai ƙarshen aikin. Ofishin da ke da kwamfutoci da yawa ya fara gwadawa da guda ɗaya, ya yi mako yana aiki da ita, in an ga lafiya sannan a bi sauran.