Lissafin Wuta Kafin Waya Ta Ƙone

Ƴan uwa ɗalibai, wutar lantarkin gidajenmu a Nijar volt 220 ce. Idan dutsen guga yana jan amper 5, sai a ninka 220 sau 5, a samu wat 1100. Wutar da yake sha ke nan. In kuma aka raba 220 gida 5, za a samu om 44, wato turjiyar da yake yi wa wuta. Bajamushe Georg Ohm ne ya bayyana ƙa'idar turjiyar a 1827.

To, mene ne amfanin lissafin? Wayar jona mai ɗaukar amper 10, iyakarta wat 2200. Dutsen guga biyu sun cika ta. In aka ƙara hita, sai ta ɗau zafi, har a yi gobara. Mu riƙa duba lambobin jikin kaya kafin mu jona. Allah Ya tsare.