Morishus: Tsibirin da Indiyawa ke zuwa rawa, kai ma za ka iya kama gida ka ɗora tukunyarka

Duk ma'abocin kallon finafinan Indiya ya san irin wannan sin ɗin. Jarumi da jaruma suna cikin magana a tsakiyar gari, kafin ka ƙifta ido sai kiɗa ya tashi, sai ga su a bakin teku, yashi fari fat kamar gishiri, ruwa shuɗi shar, itatuwan kwakwa suna rangaji. Da yawa daga cikin masu kallo sun ɗauka a Indiya ne ake ɗaukar irin waɗannan wurare. Wasu kam a can ne. Amma da dama daga cikinsu a wani ɗan tsibiri ne da ake kira Morishus, wanda abin mamaki ma a lissafin ƙasashen Afirka yake.

Tambayar da matasa ke yawan yi ita ce: shin irin wannan wuri sai jarumai da masu hannu da shuni? Amsar ita ce tafiyar ba ta da araha, wannan gaskiya ne. Sai dai akwai hanyar da masu dabara ke bi su rage kashe kuɗi, wato su ƙi sauka a otal, su kama hayar gida mai kicin su riƙa dafa abincinsu da kansu. A kan irin waɗannan gidaje za mu yi bayani, da daɗinsu da kuma inda gizo ke saƙar.

TSIBIRIN DA KYAMARA KE SO

Morishus yana cikin Tekun Indiya ne, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar gabashin Afirka. Tsawonsa bai wuce kilomita 65 ba, faɗinsa kuma 45. Mutanen ƙasar sun ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ka ga ke nan ko kusa ba su kai mutanen birnin Kano ba. Babban birninsu Port Louis, kuma sun samu 'yancin kai daga Ingila a ran 12 ga Maris, 1968.

Me ya haɗa su da Indiyawa? Tarihi ne. Da Turawa suka soke bauta a tsibirin a 1835, sai suka nemi masu yi musu noman rake. Tun daga 1834 aka fara kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya, har adadinsu ya kai kusan rabin miliyan. Wurin da ake sauke su a Port Louis, wato Aapravasi Ghat, yana nan har yau, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Jikokin waɗancan mutane su ne mafi rinjaye a ƙasar yanzu. Saboda haka idan furodusa ya taso daga Mumbai da tawagarsa, ba ya jin baƙunta. Ga abincinsa, ga masu kama da shi da zai cika sin da su, ga kuma teku irin wanda yake nema.

Tsofaffin masu zuwa silima za su tuna fim ɗin Souten na 1983, wanda Rajesh Khanna ya fito tare da Tina Munim da Padmini Kolhapure. A Morishus aka yi shi. Kuch Kuch Hota Hai na 1998, fim ɗin Shah Rukh Khan da Kajol da Rani Mukerji, shi ma an ɗauki wani ɓangarensa a can. Sai Mujhse Shaadi Karogi na 2004, na darakta David Dhawan. A labari an ce mana a Goa ake, amma yawancin bakin tekun da ka gani Salman Khan da Akshay Kumar suna rububin Priyanka Chopra na Morishus ne. Har 'yan Hollywood sun leƙa, domin a can Matthew McConaughey da Anne Hathaway suka yi Serenity wanda ya fito a 2019. Gwamnatin ƙasar kuma ba ta yi barci ba. A 2013 ta fito da tsarin mayar wa furodusa kashi 30 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ya kashe a ƙasar, daga baya aka ƙara har zuwa kashi 40 ga manyan ayyuka.

MENE NE GIDAN DAFA-DA-KANKA?

Idan ba ka manta ba, a Mujhse Shaadi Karogi ɗin nan Salman ba a otal ya sauka ba, ɗakin haya ya kama, har Akshay ya zo ya tare masa a gidan ya hana shi sakat. To kusan irin wannan zama ne, sai dai kai babu mai tare maka.

Gida ne ko fulat da aka tanada domin baƙi, ana biya a kan kwana ko mako. Za ka tarar da gado da zannuwa, da falo, da kicin mai kukar gas da firji da tukwane da kwanuka. Abin da ba za ka tarar ba shi ne mai dafa maka. Wasu gidajen akwai mai shara da ke zuwa da safe, wasu kuma sai ka nema ka biya daban. Akwai ƙananan ɗaki-da-kicin na mutum biyu, akwai masu ɗakuna uku ko huɗu na iyali, akwai kuma manya masu wurin ninƙaya waɗanda kuɗinsu ma ya fi na otal.

An fi samun su a garuruwan bakin teku. A arewa akwai Grand Baie da Pereybere da Trou aux Biches, inda hada-hada ta fi yawa, ga kantuna ga gidajen abinci. A yamma akwai Flic en Flac mai dogon bakin teku, inda ake kallon faɗuwar rana. A gabas akwai Belle Mare da Trou d'Eau Douce, daga nan ake shiga kwale-kwale zuwa ɗan tsibirin Ile aux Cerfs. A kudu maso gabas kuma ga Blue Bay, dab da filin jirgi.

Lissafin a fili yake. Otal yana cajin ɗaki ne da yawan kawuna, kuma abincinsa shi ke cinye aljihu. Gida kuwa yawanci kuɗinsa na gidan ne gaba ɗaya. Idan abokai shida suka haɗu suka kama mai ɗakuna uku, kowa kasonsa kaɗan ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga 'yan fim ɗinmu, domin duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya san tukunya ɗaya ta fi sayen abinci kwano-kwano sauƙi. Amma idan kai kaɗai ne, kuma kwana biyu ko uku za ka yi, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

CEFANE A ƘASAR MUTANE

Daɗin abin yana kasuwa. Babbar kasuwar Port Louis cike take da tumatir da albasa da barkono da kuɓewa da yalo da kayan ƙamshi. Kasuwar Flacq da ke gabas ta fi cika a ranakun Laraba da Lahadi. Akwai kuma manyan kantuna irin su Winners da Super U inda za ka sayi shinkafa da taliya da mai da madara. Kuɗinsu rufi ne, amma nasu daban da na Indiya. Ka sani cewa ƙasar daga waje take shigo da yawancin abincinta, don haka kar ka sa ran farashin Dawanau.

Maganar halal ita ce ta fi damun Bahaushe, kuma a nan ne gidan ya fi otal kwanciyar hankali, tunda kai ka sayo, kai ka dafa. Musulmi sun kai kimanin kashi 18 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma akwai mahauta Musulmi a garuruwa da dama. Duk da haka ka riƙa duba tambarin halal a jikin kaza ko nama, domin kantunan suna sayar da naman alade da giya su ma. Da ka shiga gidan kuma ka fara wanke tukwane da cokula tas, ba ka san abin da baƙon da ya gabace ka ya dafa ba.

Ranar da aka gaji da girki, abincin titi yana nan da rahusa. Akwai dholl puri, wata 'yar waina ce mai laushi da ake yi da fulawa da niƙaƙƙen wake a naɗe miya a ciki. Akwai gateaux piments, wanda in ka gan shi sai ka rantse ƙanin ƙosai ne. Ga kuma biriyani, wanda Musulmin ƙasar suka yi suna wajen dafa shi.

Kifi kuwa a yi hattara. Wasu kifayen da ke zama cikin duwatsun murjani suna ɗauke da guba wadda dahuwa ba ta kashewa, har gwamnati ta hana sayar da wasu nau'o'in. Ka saya a kasuwa ko a kanti, kuma kar ka soya duk abin da ƙugiyarka ta kamo ba tare da ka nuna wa ɗan gari ba.

SALLA DA SUTURA

Ga wani abu da zai ba ka mamaki: a Morishus ba a fuskantar gabas a yi salla. Makka tana arewa da su ne, an ɗan karkata yamma. Saboda haka ka duba alƙibla a wayarka ko ka tambaya, kar sabo ya sa ka kalli inda rana ke fitowa ka kabbara. Agogonsu kuma yana gaban na Nijeriya da awa uku. Ranar Juma'a ka yi ƙoƙari ka je babban masallacin Jummah da ke Port Louis, wanda aka fara gina shi tun a shekarun 1850.

Ga ango da amarya masu yawon amarci, gida mai katanga ya fi otal sirri. Amarya za ta sha iska a tsakar gida ba tare da idon jama'a ba. Bakin teku kuwa na kowa ne, kuma za ka ga Turawa da shigarsu irin wadda ka sani, amma za ka ga matan gari da hijabinsu sun fito da iyali ranar Lahadi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Mu 'yan kallo mun fi kowa sanin cewa kyamara gwanar ɓoye aibi ce. Hoton gida a intanet ma haka yake. Za a rubuta maka cewa gida yana kusa da teku, ka je ka tarar sai ka yi tafiyar rabin awa a ƙafa. Don haka ka nemi adireshi ka duba a taswira, ka karanta abin da waɗanda suka taɓa sauka suka ce.

Abu na biyu, ka tambaya ko gidan yana da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin jami'an shige da fice a filin jirgin Sir Seewoosagur Ramgoolam suna neman tikitin komawa, da takardar shaidar masauki, da shaidar kuɗin guzuri wanda suka ƙiyasta dala 100 a kowace rana. Mako guda dala 700 ke nan. Wanda takardunsa ba su gamsar da su ba suna iya juya shi, kuɗin jirgi ya tafi a banza. Kuma kar ka tura wa wani kuɗin gida duka ta asusunsa don kawai ya turo maka hotuna masu kyau. Araha ba ta ado.

Ka kuma tambayi abin da ke cikin kuɗin da abin da ba ya ciki: wuta, gas, shara, da kuɗin ajiya da ake riƙewa ko za a fasa wani abu. Daga 1 ga Oktoba, 2025 an sa wa baƙi harajin yuro 3 a kowane dare ga duk wanda ya kai shekara 12. Miji da mata a kwana bakwai yuro 42 ke nan. Ka tambaya ko akwai tankin ruwa, domin ana ɗauke ruwan famfo a wasu unguwanni, musamman lokacin fari.

Babu jirgi kai tsaye daga Nijeriya, sai an yada zango a irin su Nairobi ko Dubai ko Johannesburg. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Kilishi da dambun nama kuma a bar su a gida, kwastan ɗinsu ba sa barin a shiga da nama ko tsirrai ba tare da izini ba, kuma duk abincin da ka ɗauko ka bayyana shi. Dokarsu a kan ƙwayoyi tana da tsauri ƙwarai, don haka duk wani magani mai ƙarfi ya kasance da takardar likita.

YAUSHE YA FI?

Yanayinsu a juye yake da na Turai. Daga Nuwamba zuwa Afrilu zafi ne da ruwan sama, kuma tsakanin Janairu da Maris aka fi fargabar guguwar teku. Suna da matakan gargaɗi daga na ɗaya zuwa na huɗu. A otal ma'aikata ne za su kula da kai, amma a gidan haya kai ne maigida. Da ka ji an fara gargaɗi, sai ka tanadi ruwan sha da burodi da tocila, ka zauna a ciki. Daga Mayu zuwa Oktoba akwai sanyi-sanyi, sai dai gabashin tsibirin yana shan iska sosai a lokacin. Ƙarshen Disamba kuwa komai tsada yake yi. Sauro ma yana nan, kuma an yi fama da zazzaɓin dengi a 2024, don haka a riƙe maganin shafawa.

Zirga-zirga ita ma aikinka ce. Motocin bas suna da araha amma ba sa kai dare a garuruwan bakin teku. Idan za ka ɗauki hayar mota ka tuna a hagu suke tuƙi, irin yadda muke yi a Nijeriya kafin 1972.

Sai batun ruwa. Duwatsun murjani sun kewaye yawancin tsibirin, shi ya sa ruwan gaɓa yake kwance lumui. Amma a kudu, wajen Gris Gris, babu wannan kariya, igiyar ruwa tana dukan duwatsu da ƙarfin gaske. Salman Khan ya fito a mai ceton masu ninƙaya a fim, amma kai a bakin tekun da ke gaban gidanka ba lallai ka samu mai tsamo ka ba. In ba ka iya ruwa ba, ka tsaya inda ƙafarka ke taɓa ƙasa.

Kafin ka dawo ka leƙa Chamarel ka ga ƙasa mai launi bakwai, ka je lambun Pamplemousses, sannan ka tsaya a gindin dutsen Le Morne inda bayin da suka gudu daga iyayengijinsu suka riƙa ɓuya. In ka dawo gida ka sake sa Mujhse Shaadi Karogi, ka ga ko za ka gane wuraren. Allah ya hore mana na zuwa, amin.