Sunan Mutum A Kasuwar Waya

In ka ce daga Aliero kake a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ba mai tambayarka abin da ka kawo. An san albasa ce. In kuwa mutum ya karye a Sakkwato ko Birnin Kebbi, sai ka ji dangi suna cewa a kai shi Aliero wurin masu ɗori. Ba rediyo ne ya yi wa garin wannan suna ba. Baki ne ya ba baki, shekara da shekaru. Haka Jega ta yi suna da kasuwarta tun zamanin fatake, kafin zuwan Turawa.

A dā sunan gari shi ke sayar da kayan mutum. Yanzu kuwa kowa yana iya yi wa kansa suna. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, Facebook ya fito a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Manomin shinkafa a Maiyama ko mai albasa a Aliero yakan ɗauki hoton buhunansa, ya faɗi farashi da muryarsa, ya tura. Ko bai yi boko ba, saƙon murya ya ishe shi. Mai saye a Anacha ya gani, ya turo kuɗi ta banki, a loda kaya a mota, a ba shi lambar direba.

To, ga inda gizo ke saƙa. A kasuwa mai saye yana sa hannu cikin buhu. A waya ba shi da hannu, sai ido. Dukanmu mun san yadda ake yi wa buhu fuska, manyan albasa a sama, ƙanana da masu taushi a gindi. Wanda ya yi haka a kasuwa, mutum ɗaya ya ɓata wa rai. Wanda ya yi ta waya, kafin dare hoton ruɓaɓɓiyar albasarsa da sunansa da lambarsa sun zaga 'yan kasuwa ɗari. Dillali a dā yakan tsaya tsakani, ya ci la'ada, ya kuma sha zagi a madadinka. Ka raba kanka da shi, ai zagin naka ne kai kaɗai.

Saboda haka muna ganin hoton da ya fi amfani shi ne na buhun da aka zazzage a ƙasa. Ka faɗi ranar da aka cire albasar, gama kowa ya san ba ta jimre ajiya. Ka riƙe suna ɗaya da lamba ɗaya, kada yau ka zama wane, gobe wane. Kai ma ka kiyaye kanka. Akwai masu turo alat na ƙarya. Kada mota ta tashi sai ka ga kuɗin cikin asusunka.

Abin da ya fi faranta mana rai yana wajen mata. Uwargida mai ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa ko ɗinki, a dā 'yarta ce ƙafarta. Yarinya ta wuni a tashar Jega da faranti a kā, makaranta ta wuce ta, ga direbobi da kalamansu. Yanzu uwa tana iya sa hoton kayanta a WhatsApp da safe, ya tsaya awa 24, maƙwabta da dangi su gani su aiko. Ɗaliban jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega, masu saye ne, kusan kowa da wayarsa. Amma maigida da uwargida su zauna su daidaita tukuna a kan lambar da za a bayar. Kaya ake talla, ba fuskar yara ba.

Ga masu ɗori kuma muna da magana ɗaya. Ƙafar da ta warke shaida ce, gaskiya ne, amma ƙafar mai ita ce. A nemi izininsa kafin a nuna wa duniya.

Tallan waya ba kyauta ba ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Mai ƙaramin jari ya sa kuɗin data cikin lissafinsa, kamar yadda yake sa kuɗin buhu da na 'yan dako.