Hannun jarin mai a Paris, lodin jirgi a Port Môle

Port-Gentil garin mai ne, kuma daga Libreville ba a kai masa kaya sai ta ruwa ko ta sama. Ƙaramin ɗan kasuwa mai dilar atamfa ko buhunan albasa Port Môle ya sani. Shi ya sa nake kallon lodin jiragen wurin a matsayin ma'aunin arziƙin Gabon, fiye da alƙaluman da ake karantowa a rediyo.

Amma akwai wani ma'aunin da ke riga shi motsi. Kamfanin TotalEnergies EP Gabon, wanda dattawanmu har yau suke kira Elf, a kasuwar hannayen jari ta Paris ake cinikin hannun jarinsa, gwamnatin Gabon kuma tana da kashi 25 cikin 100. Maurel & Prom ma a can yake. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗi ƙasa da dala 30. Masu jari a Paris sun fara sayar da nasu tun makonnin farko. Mu nan sai da aka ɗau watanni: kamfanoni suka soke kwangiloli, 'yan kwangila suka sallami leburori, gwamnati ta riƙe kuɗin waɗanda suka yi mata aiki, sannan abokin cinikinka na Port-Gentil ya fara cewa "Alhaji, a ƙara min haƙuri." A 2017 ƙasar ta je neman lamuni wurin IMF.

To, idan jarin ya tashi, kasuwa za ta tashi ke nan? A nan nake saɓawa da matasanmu masu duba farashi a waya. A 2022 mai ya sake wuce dala 100, masu jari suka kwashi riba, mu kuwa tsadar man girki da fulawa muka gani, don yawancin abincin ƙasar nan shigo da shi ake yi. Faɗuwa tana iso mu a guje, tashi kuwa sai ya bi ta baitulmali tukuna. Rijiyoyin ma sun tsufa: a 1997 ana haƙo wajen ganga dubu 370 a rana, yanzu bai wuce dubu 200 da 'yan kai ba.

Perenco, wanda ya sayi tashar Cap Lopez daga hannun Total, ba ya kasuwar hannayen jari sam. Assala kuma ya koma hannun gwamnati a 2024. Ke nan kaso mai yawa na man Gabon ba ya bayyana a allon Paris, sai dai mai bayar da kaya bashi ya tambayi masu lodi jirgi nawa ya tashi cike a makon nan.