Danna min in danna maka: Yadda gaggawa ta rufe mana asusun talla

A hutun bara, ni da wani abokina a Likoro muka buɗe shafin intanet inda muke warware tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da Hausa. Wani kamfanin talla ya yarda ya riƙa saka tallace-tallace a shafin, ana tara mana kuɗi a asusu gwargwadon masu shigowa. Kuɗin na taruwa kaɗan-kaɗan, mu kuma haƙuri ya gaza mana.

Sai muka shiga wani rukunin WhatsApp na "danna min in danna maka". Muka kuma biya wani mutum da ya yi alƙawarin turo mana dubban masu ziyara. Cikin mako guda lissafi ya yi sama, muna ta murna. Wata safiya sai ga saƙon imel: an rufe asusunku saboda hanyoyin da masu ziyara ke shigowa ba na gaskiya ba ne. Abin da muka tara ya tafi. Ashe sauri ya haifi nawa.

Don ku gane dalilin, ku ɗauki mai mazarƙwaila a kasuwar Makarfi da ya ce wa yaro zai ba shi lada kan duk mai sayen da ya kawo masa. Idan yaron ya kwaso ƙannensa suka taya suka wuce ba su saya ba, ai cuta ce. Haka talla take a intanet. Ɗan kasuwa yana biya ne don mai son kayansa ya gani, ba don abokanka ko wata na'ura ta yi ta dannawa ba.

Tsarin da ya fi shahara shi ne Google AdSense, wanda aka fara a 2003. Ƙa'idojinsa a fili suke. Sai mai shekara 18 ke buɗe asusu. Ba a biya sai kuɗi sun kai Dala 100. An hana mutum danna tallan shafinsa, ko roƙon wasu su danna, ko shiga tsarin musayar dannawa. Ko da wani ka biya ya kawo maka jabun masu ziyara, alhakin yana wuyanka. Idan an rufe asusu kan wannan laifi, ana iya riƙe kuɗin a mayar wa masu tallan.

Ta yaya ake ganewa? Kwamfutocin kamfanin na lura da inda kowane mai ziyara ya fito da abin da ya yi. Shafin Hausa da aka rubuta don ɗaliban Kudan da Ikara, sai a ga dubban mutane daga ƙasashen da ba a jin Hausa sun cika shi da tsakar dare, kowa ya fita cikin daƙiƙa biyu. Wannan ko yaro ya san da walakin.

Idan hakan ta faru da kai, kada ka ruga buɗe sabon asusu da sunan ƙanenka, domin shi ma za a iya rufe shi. Akwai fom na ɗaukaka ƙara. Kafin ka cike, ka duba Google Analytics ka ga ranar da masu ziyara suka yi tsalle da kuma inda suka fito. Ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, ka bayyana abin da ka daina da gyaran da ka yi. Duk da haka, ba dole ne a mayar maka da asusun ba. Mu ba a mayar mana ba.

Ƙannena, da yawanku na burin buɗe shafi ko tashar YouTube bayan kammala sakandare, kuma buri ne mai kyau. Ku fara da rubuta abin da zai amfani mutane, ku tura wa masu buƙatarsa, ku bar talla ga wanda ya ga dama ya danna. Shafinmu yana nan ba talla, amma har yanzu 'yan aji shida na aiko mana da tambayoyin lissafi, mu kuma muna amsawa.