JIJIYAR ZUCIYAR BAKWAINI DA MAGANIN DA KE RUFE TA



Idan an sa bakwaininku a kwalba, likita ya ce "akwai jijiyar da ba ta rufe ba a zuciyarsa", ga abin da yake nufi.

Jariri a cikin ciki ba ya numfashi da huhu, ta cibiya yake samun iskar da yake bukata daga jinin uwa. Sai Allah cikin hikimarsa ya yi masa wata gajeriyar jijiya da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu masu fita daga zuciya, jini ya riƙa kewaye huhu. Wanda ya cika wata tara, jijiyar kan tsuke da kanta cikin kwana 2 zuwa 3 bayan haihuwa. Bakwaini kuwa, musamman wanda bai kai mako 28 ba, sau da yawa tana zama a buɗe. Likitoci suna kiran wannan PDA. Jini sai ya riƙa kwarara cikin huhu fiye da ƙima, zuciya ta wahala. Za a ga numfashi da sauri, gajiya wajen shan nono, jiki ba ya ƙaruwa. Hoton zuciya ne ke tabbatar da shi.

Wani sinadari a jiki, furostagilandin, shi ke riƙe jijiyar a buɗe. Maganin kuma aikinsa rage wannan sinadari. Tun 1976 ake amfani da indometasin. Daga baya aka koma ga ibufurofen, wanda kuka sani da Brufen, domin ya fi sauƙi ga ƙoda. Sau uku ake bayarwa, awa 24 tsakani. Tun daga 2011 kuma wasu asibitoci suna gwada farasitamol. In bai rufe ba a sake zagaye na biyu, in ya ƙi sai tiyata ko a toshe ta da ɗan ƙaramin abu ta cikin jijiya. Wani lokaci likita ba ya ba da komai, sa ido kawai yake yi, don da yawa suna rufewa da kansu. Kada a ce sakaci ne.

To a nan nake jan kunne. Kada wani ya ji sunan Brufen ya ruga kemis! Ana auna maganin da nauyin jariri, ana duba fitsarinsa da jininsa, don yana iya taɓa ƙoda da hanji. Akwai ma jariran da wata matsalar zuciya ta sa wannan jijiya ce ke riƙe da ransu. Rufe ta halaka ne.

Mu masu maganin gargajiya ba mu da saiwa ko sassaƙen da ke rufe ta. Habbatus sauda da man zaitun da rubutu, kada a ɗura wa bakwaini ko ɗigo. Zuma kuwa, duk albarkarta, ba a ba yaron da bai shekara ba. Nonon uwa ya ishe shi, ko da tatsa za a yi. A yi masa addu'a a gefensa, likita ya yi aikinsa. Neman magani umarnin addini ne.

Masu ciki kuma, ku guji Brufen da diklofenak, musamman a watanni ukun ƙarshe, domin suna iya rufe jijiyar tun yaro yana ciki yana bukatarta.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya.