Sauya Inji Ɗungurungum, Ko Sauya Kansa Kaɗai?

Mai Honda Civic ƙirar 1992 zuwa 1995 da ke son motarsa ta ƙara ƙarfi, hanya biyu ce a gabansa. Injin D15B7 da ke cikin da yawansu yana da ƙarfin doki 102. Ko dai a ɗaga kansa, wato tof silinda a bakin makanikai, a ɗora na D16Z6 mai VTEC, ko kuma a fitar da injin gaba ɗaya a zura B16A, wanda Honda ta fito da shi a 1989 da ƙarfin doki 160.

Ni dai zuciyata tana wajen kan inji, domin a nan mota take numfashi. Bawul-bawul suna can, hanyoyin shigar iska da fitar hayaƙi suna can. Abin da VTEC ke yi shi ne, idan inji ya ɗau wuta sosai, matsin baƙin mai sai ya sa bawul ya ƙara buɗewa, iska ta shiga da yawa. Aikin sauya kai bai kai na sauya inji tsada ba, giyabos yana nan inda yake, sai dai a nemi birenbos da ya san VTEC da sabon gasket. Amma fa kada a yi tsammanin abin al'ajabi: shi kansa cikakken D16Z6 doki 125 yake bayarwa. Kuma idan ringi ya cinye, mota tana shan baƙin mai tana tayar da hayaƙi, sabon kai ba zai ɓoye wannan ba, tona shi zai yi.

Sauya inji kuwa ƙarfinsa ba gardama. Matsalarsa ita ce ba ya zuwa shi kaɗai. B16A yana buƙatar nasa giyabos, nasa shaf, nasa wayoyi, sannan birkin da aka ƙera don doki 102 dole a duba shi. Ga kuma injin Beljiyam da za a saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Ladipo, ba wanda ya san wahalar da ya sha kafin ya iso. A zafin bazara irin namu, lagireto mai rauni kaɗai ya isa ya lanƙwasa kan alminiyam.

Don haka kafin ka fitar da ko sisi, sa makanike ya auna matsin kowace silinda. In ƙasan injin lafiya lau yake, sauya kai ka huta. In ya gaji, tara kuɗinka ka sauya injin, ka haɗa da birki.